Tambayi Tsohon Sakatare: Mun Sa Hannu da Jami'a, Har Yau Shiru

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowa, domin duk a kan abu guda suke: aikin haɗin gwiwa tsakanin ƙananan hukumomi da jami'o'i. Shekara 32 na yi a sakatariyoyin ƙananan hukumomin jihar Kaduna kafin in yi ritaya, kuma fayil irin wannan ya sha biyowa ta teburina. Kamar kullum, na cire sunaye.

Tambaya: Baba Sakatare, barka da warhaka. Ni jami'i ne a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a shiyyar Zazzau. Bara ciyaman ɗinmu ya sa hannu a takardar fahimtar juna da wani sashe na jami'a. An yi taro, an ɗauki hoto, aka ce malamai da ɗalibai za su taimaka mana a harkar ruwa, noma, lafiya da tsara gari. Yau wata 14 ke nan babu abin da ya biyo baya. Su suna cewa ba mu ba da kuɗi ba, mu kuma ba mu ga ƙeyar kowa ba. Yanzu an turo min fayil ɗin an ce in ba da shawara. Me zan rubuta?

Amsa: Ɗana, kafin ka ɗora biro a kan fayil ɗin nan, ka zauna ka karanta takardar da aka sa wa hannu daga farko har ƙarshe, kana neman abu uku: sunan mutumin da aka ɗora wa aikin a kowane ɓangare, layin kasafin da kuɗin zai fito, da ranar da za a miƙa wani abu da za a iya riƙewa a hannu. Ina kyautata zaton ko ɗaya ba za ka samu ba. Abin da za ka gani shi ne ɓangarorin biyu sun amince za su haɗa kai, sai a jero ruwa, noma, lafiya da tsara gari. Dambu ne ya yi yawa, shi ya sa bai ji mai ba. Kuma daga ku har su babu maƙaryaci: kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, saboda takardar ba ta ce wane ne zai fara ba.

Na taɓa riƙe irin wannan fayil. Wata jami'a ce ta yi mana nazari a kan yadda za a raya ƙaramar hukumar gaba ɗayanta. Malaman sun yi aiki tsakaninsu da Allah, amma rahoton ya iso bayan an rushe majalisar da ta nema. Littafi ne mai kauri, da Turanci, babu shafi ɗaya da kansila zai ɗauka ya kai mazaɓarsa. Ni kuma ban sa shi cikin takardar miƙa aiki ga sabon shugaba ba, wannan kuskurena ne, kuma har yau yana damuna. Bayan shekaru da aka buɗe sito, sai aka tarar gara ta cinye rabinsa.

Wanda ya yi albarka kuwa ƙarami ne ƙwarai. Wani malami mai nazarin ƙasa da duwatsu ya zo neman inda ɗalibansa za su yi aikin fili. A lokacin kowane kansila kukansa ɗaya, a haƙa masa sabuwar rijiyar burtsatse. Ni kuma na san mafi yawan ƙasar jihar nan a kan dutse take zaune, ruwanta yana maƙale ne a tsagin dutse da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, shi ya sa za ka haƙa nan ka sami ruwa, ka matsa taku hamsin ka tashi a tutar babu. Mun riga mun yi asarar kuɗi a ramukan da ba su ba da ko ɗigo ba. Sai na ce wa malamin abu guda muke so: a lissafa mana duk famfon tuƙa-tuƙa da ke ƙaramar hukumar, wanda ke aiki da wanda ya tsaya, da abin da ya tsayar da shi.

Ɗalibai 12 ya kawo a dogon hutu. Muka raba su biyu-biyu, kowane rukuni da makanikin famfo ko ma'aikacin sashen ayyuka, dagaci kuma ya ba su ɗan rakiya. Namu shi ne man babur, abinci, masauki da alawus ɗin makanikai, kuma kafin su iso ma'aji ya riga ya san daga wane layi kuɗin zai fita. Nasu shi ne kayan awo da sa ido na malami, wanda yake zuwa duk mako.

Ran nan na bi su wani ƙauye. Famfon garin an lulluɓe shi da ƙaya don kada yara su riƙa lilo da hannunsa, mata kuwa sun koma rafi, kuma kansilan wurin ya daɗe da rubuto cewa rijiyar ta ƙafe. Samarin gari suka taya makaniki zaro bututu da rodi ɗaya bayan ɗaya, ana jera su a kan tabarma don kada ƙasa ta shiga. Da aka iso silinda aka kwance, sai ga robar ciki ta cinye, ta yi laushi kamar tsohuwar fata. Wata ɗaliba ta zura igiyar awo a ramin, ta fito jiƙe sharkaf. Ruwa yana nan, roba ce ta mutu. Aka sa sabuwa, aka mayar da komai, kafin la'asar ruwa ya zubo, ja da tsatsa da fari, sannan ya washe. Wata tsohuwa ta tara hannu ta sha, ta dafa kan yarinyar ta sa mata albarka. Da aka gama zagayen, mafi yawan famfunan da ake cewa sun mutu irin wannan ciwon ne da su: roba, sarƙa, ko rodin da ya kwance. Waɗanda suka ƙafe da gaske ba su da yawa, kuma a wurarensu ne malamin ya dawo da na'urar gwajin ƙasa kafin mu kira masu haƙa.

Littafin da suka rubuta, mai bangon kwali ne, an yi shi kwafi-kwafi, ɗaya ga jami'a, ɗaya ga kowane hakimi, na asalin kuma a hannun wani jami'in sashen ayyuka. Shugabanni uku suka zo suka wuce, littafin yana aljihun teburinsa yana ƙara masa bayani. Ɗaliban sun sami abin rubuta firojet, malamin ya sami abin wallafawa, kuma wannan haƙƙinsu ne da ya kamata a faɗa a fili tun farko.

To ga abin da zan rubuta da ni ne kai. Kada ka ce a soke takardar, kada kuma ka ce a ware mata kuɗi yadda take. Ka ba da shawara a zaɓi aiki ɗaya daga cikin huɗun, wanda za a gama cikin wata shida, a rubuta masa ƙaramar yarjejeniya ta shafi biyu a ƙarƙashin babbar. A sa sunan ma'aikacin dindindin a matsayin mai riƙe da aikin, da mataimakinsa saboda canjin wurin aiki. Mai ba ciyaman shawara ko kansila mai kula da sashe zai iya jagorantar taro, amma ranar da wa'adinsu ya ƙare tare da su za a tafi. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a jihar nan a 2018, 2021 da 2024. Shekara uku-uku ke nan, ta farko ana koyon ofis, ta ƙarshe hankali ya koma siyasa. Digirin ɗalibi ɗaya ma ya fi wa'adin ciyaman tsawo.

Wajen zaɓen aikin ka yi hattara da abin da ba ku da iko a kansa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, sannan ya ce ta sa hannu a ilimin firamare, lafiya da noma. Amma a Kaduna hukumomin gwamnatin jiha ne ke riƙe da abubuwa da yawa: makarantun firamare suna ƙarƙashin SUBEB, asibitocin matakin farko suna da hukumarsu ta jiha, filaye na KADGIS ne, izinin gini na KASUPDA, tara haraji kuma na KADIRS. Ko ruwan karkara akwai RUWASSA. Idan ɗalibai suka zana muku taswirar sabuwar unguwa ba da sanin masu filaye da masu ba da izinin gini ba, ado ne kawai za ku rataya a bango. Duk aikin da ya taɓa hurumin wata hukuma, a rubuta mata tun ranar farko, a ba ta kujera a kwamitin.

Sai maganar kuɗi. Kasafin ƙaramar hukuma daga Janairu yake zuwa Disamba, kuma tun kaka ake tsara na baɗi. Abin da bai shiga a lokacin ba, sai dai a yi ta roƙo. Wani zai ce maka ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Gaskiya ne. Amma kai kada ka yi wa jami'a alkawari da hukuncin kotu. Ka je wurin ma'aji ka tambaye shi abin da ke saura a asusu bayan albashin ma'aikata da na malaman firamare, a kan wannan za ka gina lissafinka. Gara ka ce mai da abinci kawai za mu iya, ka cika, da ka yi alkawarin motar bas ɗalibai su zo su tsaya a bakin sakatariya.

Tambaya: Baba, ina koyarwa a fannin tattalin arzikin noma a nan Kaduna. Tun bayan cutar da ta lalata citta a 2023 nake son ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe su bi manoma su ga inda suke samun iri da yadda suke farfaɗowa. Sau uku ina rubuta wa wata ƙaramar hukuma a kudancin jihar, babu amsa. Da na aika ɗalibi ya bi sawu, wani ma'aikaci ya tambaye shi, me ke ciki? Raina ya ɓaci. In haƙura da su in shiga ƙauyukan kai tsaye?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira, kuma kada ki haƙura. Annobar nan ta durƙusar da gidaje da yawa a Kachia, Jaba da Kagarko, aikin da kike son yi ana bukatarsa. Amma in kin shiga ƙauye ba da sanin ƙaramar hukuma da hakimi ba, ranar da wani abu ya faru da ɗalibi ba ki da wurin tsayawa, sakamakon kuma ba shi da mai aiwatarwa.

Wasiƙarki tana nan ba ta ɓata ba. Ta shiga rajista, akawu ya buga mata hatimi, an sa ta a fayil, an yi minit, wato an rubuta ɗan bayani a kan fayil ɗin an tura shi zuwa sama. Ciyaman yau yana taro a Kaduna, gobe yana wurin ta'aziyya, jibi yana taron tsaro. Wasiƙar da ke neman izinin haɗin gwiwa ba ta da uba a sakatariya, babu sashen da zai ce tawa ce. Ki ɗauki ƙafa ki je da kanki, Talata ko Laraba da safe. Ki fara da shugaban sashen noma, ki zauna, ki tambaye shi abin da ke hana shi barci game da citta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila ya ce miki damuwarsa ita ce bai san manoma nawa suka koma masara ba, ko daga wace kasuwa ake shigo da iri mai cuta. Ki saka tambayarsa cikin ta ɗalibanki, ki sake rubuta wasiƙar da kalmominsa, shi da kansa zai ɗauke ta ya shiga da ita ofishin ciyaman. Ki karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Wannan tambaya ta me ke ciki, baki biyu ke yin ta. Akwai mai neman na goro don ya motsa fayil, wannan kada ki ba shi ko sisi, in kin ba shi sau ɗaya kin buɗe ƙofar da ba za ki iya rufewa ba. Akwai kuma malamin gona da zai bar aikinsa, ya hau babur ɗinsa, ya zuba mai daga aljihunsa, ya yi kwana goma yana gabatar da ɗalibanki ga manoman da shi suka yarda da shi. Wannan ya cancanci a biya shi, a rubuce, ya sa hannu. Idan kina neman tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarki, ki sa wannan a lissafi tun wajen rubuta buƙata. Na sha ganin kasafin bincike da ya tanadi kuɗin buga takardu da na halartar taro, ya manta da mutumin da ya san hanya.

Ki kuma sani cewa zumuncin nan tsoho ne. Makarantar Kongo a Zariya ta faro ne a 1947 don horar da akawuna, ta zama cibiyar koyon aikin mulki da ta yaye ma'aikatan En'e, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, Zariya na cikin jami'o'i uku da aka ba aikin horar da ma'aikatansu, tare da Ife da Nsukka. Ni ma a Kongo na yi difloma. Da wuya ki shiga sakatariya a jihar nan ba ki sami wanda ya zauna a ajin jami'a ko na Kaduna Polytechnic ba. Ki nemi tsofaffin ɗaliban sashenku a can, da ɗan gari akan ci gari.

Ta ɓangarenku ma akwai gyara. Shugaban sashe ba ya iya ɗaure jami'a da sa hannunsa, don haka in takarda za a yi, ta bi ta hannun hukumar makaranta da lauyanta. Idan ƙaramar hukuma za ta ba da kuɗi, ya shiga asusun jami'a da rasit. Na ga mutuncin malami nagari ya zube saboda an tura kuɗin aiki asusunsa, mai binciken kuɗi ya zo ya rasa takarda. Sannan a rubuta abin da za a yi in karatu ya tsaya. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba. Ki auna wannan da citta, wadda ake shukawa da saukar ruwan farko a haƙe ta da kaka: damina guda ke nan cif. Gona ba ta san yajin aiki ba. A tanadi malamin gona ko ɗalibin da ke zaune a yankin da zai ci gaba da cike littafi.

Sunayen manoma, lambobin wayarsu da bashin da ke kansu amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa da ke kare bayanan mutane. Ƙaramar hukuma ta sami alƙaluman jimilla, amma jerin sunaye kada ya fita daga hannunki, musamman in zaɓe ya gabato. In an gama, ban da kundin ɗalibai, a yi taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa mai sauƙi, a kuma sami wanda zai bayyana ta da harshen mutanen wurin a ranar kasuwa.

Tambaya: Ni mai unguwa ne a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kaduna zuwa Zariya. Kusan kowace shekara yara 'yan makaranta suna zuwa da takardu, su tambaye mu buhu nawa muka noma, yara nawa muka haifa, wace rijiya muke sha. Wasu har gona suka nema don gwajin iri. Mukan karɓe su hannu biyu, amma ba mu taɓa ganin abin da ya fito ba. Jama'ata sun fara cewa sayar da mu ake yi. Yaya zan yi?

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya ja kwana. Jama'arka suna da gaskiyar yin ƙorafi. Yawancin yaran nan ba su da mugun nufi, maki suke nema su gama karatu, amma wanda ya aiko su ya kamata ya san cewa mutumin da ya bar gonarsa ya zauna awa guda yana amsa tambaya ya ba da wani abu, kuma ana bin mai karɓa bashin komawa.

Ka sayi littafi, ka mai da shi littafin baƙi. Duk wanda ya zo da takardar tambayoyi ya nuna wasiƙar makarantarsa da shaidar cewa ƙaramar hukuma da hakimi sun sani. Ya rubuta sunansa, sunan malamin da ke duba aikinsa da lambar wayarsa, abin da yake nema, da watan da zai dawo ya faɗa muku abin da ya gano. Ka sa a kira malamin a gabanka. Makarantar da ɗalibanta suka saɓa alkawari, in wasu suka zo daga can baɗi, ka buɗe musu shafin. Ka kuma kai littafin sakatariya sau ɗaya a shekara, domin su ma sau da yawa ba su san adadin masu shiga ƙauyukansu ba.

Kowa a garinka yana da ikon cewa ba zai amsa ba, kuma ba laifi ya yi ba. Mata, mata 'yan'uwansu ne za su shiga wurinsu, da sanin masu gida. Idan abin ya kai ga ɗibar jini ko ba da magani, sai an nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma jami'in asibitin gundumarku yana wurin.

Maganar gonar gwaji kuwa kada ku rufe mata ƙofa. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru ta Zariya, kuma irin masara, wake, dawa da gyaɗa da kuke gani da sunayen SAMMAZ, SAMPEA, SAMSORG da SAMNUT daga can suka fito, bayan an gwada su a gonakin manoma irinku. Sai dai a yi magana tun ran gini tun ran zane: wa zai kawo taki da magani, na wane ne amfanin da aka girbe, kuma in gwajin ya ƙi, wa zai biya mai gona damunarsa. A yi shi a gaban shaidu, malamin gona na ƙaramar hukuma yana zaune. Kada talaka mai gona ɗaya ya ba da ita gaba ɗaya, a yanki gefe.

Abin da na fi so ku nema shi ne dawwama. Dubi Yakawada a ƙaramar hukumar Giwa, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake da cibiyar lafiya da ɗaliban likitanci ke zuwa koyon aikin karkara shekara da shekaru. Ɗalibai suna canzawa, amma wurin yana nan, mutane sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. In wani sashe ya saba zuwa garinku, ka roƙi ƙaramar hukuma ta rubuta masa cewa ya ɗauki garin a matsayin wurin aikinsa na dindindin, kowane aji ya ɗora daga inda na baya ya tsaya, a daina yi muku tambaya ɗaya sau biyar.

Tambaya: Baba, 'yata tana jami'a, an ce za a tura ajinsu wata ƙaramar hukuma su yi mako shida a ƙauye. Ta ce in ba ta je ba ba za ta gama ba. Ni kuwa tun abin da ya faru da ɗalibai a jihar nan hankalina bai kwanta ba. Wa ke da alhakin tsaronta?

Amsa: Hajiya, duk wanda ya ga halin da iyayen ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka suka shiga a 2021, lokacin da 'yan bindiga suka sace 'ya'yansu, ba zai ce tsoronki ya yi yawa ba. Ni ma ina da jikoki a makaranta. Alhakin yana kan makarantar da ta tura ta da ƙaramar hukumar da ta karɓe ta, su biyun, kuma ya kamata a ce yana rubuce kafin mota ta tashi.

Ki je sashen da kanki, ko mahaifinta ya je, a nemi malamin da ke kula da fitar. A tambaye shi sunan garin, inda za su kwana, da wanda zai kwana tare da su. 'Yan mata su sauka a gidan da ke da mata, cikin gari, kusa da gidan dagaci ko gidan ma'aikatan asibiti, kada a ajiye su a ajin makarantar da ke bayan gari. A tambaya ko akwai sabis na waya a wurin, da asibitin da za a kai wanda ya kwanta ciwo, da mai biyan kuɗin. Mafi muhimmanci, a tambaya ko an kai maganar gaban taron tsaro na ƙaramar hukumar, inda ciyaman, DPO, sauran jami'an tsaro da hakimai suke zama. Su ne suka san hanyar da ake bi da wadda aka daina bi, da ƙarfe nawa ake daina tafiya. A lokacina na taɓa mayar da ɗalibai daga wata gunduma zuwa hedikwata ana saura kwana biyu su iso, saboda abin da wani hakimi ya faɗa a irin wannan zama. Malaminsu bai ji daɗi ba, domin ya riga ya tsara aikinsa a kan wancan wuri, amma sun yi makonninsu suna fita da safe suna dawowa kafin la'asar.

In amsoshin ba su gamsar da ke ba, ki haɗa kai da wasu iyayen ku rubuta wa shugaban sashe, kwafi ga shugaban kula da harkokin ɗalibai, kuna neman a canza wuri ko a mai da shi jeka-ka-dawo. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da gundumomi 255, ba za a rasa inda za a koyi aikin nan cikin kwanciyar hankali ba. In kuma kin gamsu, ki karɓi lambar malamin, ta jami'in ƙaramar hukumar da aka ɗora wa ɗaliban, da ta matar gidan da za ta sauka, ki kira su tun kafin ranar tafiya. Allah ya kai ta lafiya ya dawo miki da ita lafiya.